Me ya haɗa ƙoda da ƙarancin jini? Ku taimaka ku fahimtar da ni

Ɗan Bade: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu ce. Wata bakwai ke nan mahaifinmu yana wankin ƙoda, sau biyu a mako. Abin da ya fi tayar mana da hankali yanzu jininsa ne. Duk sanda aka auna sai a ce PCV ɗinsa, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, 21 ko 22, ran da ya yi kyau 24. An ƙara masa jini leda huɗu. Maganin ƙarin jini na kwalba kuwa ban san iyakar wanda ya sha ba. Hanta, zogale, alayyahu, madara, babu abin da ba mu gwada ba. Makon jiya likita ya ce allura za a riƙa yi masa, wai ita EPO, kuma ya ce ƙodar ce ta jawo ƙarancin jinin. Na yi shiru a gabansa amma ban gane ba. Ni dai fitsari na san ƙoda da shi. Me ya haɗa ta da jini? Allurar da tsada, ina so in san abin da zan faɗa wa 'yan'uwana kafin mu haɗa kuɗi.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ɗana, kun gwada romon ƙashi? A samo ƙashin ƙafar sa mai ɓargo a dafa shi ya dahu sosai. Ai daga ɓargo jini yake fitowa.

Malamin Lab: Hajiya, kin yi daidai cewa a ɓargo ake yin jini. Sai dai ɓargon da muke tsotsa a ƙashin ƙafar sa yawancinsa kitse ne, kuma da ya shiga ciki narkewa yake kamar kowane abinci, ba ya tafiya ya zama ɓargon mutum. Ɓargon da ke yin jini ja ne. A jikin jariri kusan kowane ƙashi yana da shi, amma in mutum ya girma sai ya rage a ƙashin ƙugu, ƙashin baya, ƙirji, haƙarƙari, ƙoƙon kai da kawunan dogayen ƙasusuwa. A nan akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan, mu kira su iyayen ƙwayoyin jini, daga gare su jajayen ƙwayoyi suke fitowa, da farare masu yaƙi da cuta, da filatilet masu tsayar da zubar jini. Jar ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu. Don a cike gurbi, ɓargon babban mutum yana fitar da sababbi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Aiki mai yawa haka ba a yin sa da ka, akwai masu ba da umarni.

Ɗalibar Aji Biyar: Yaya Ɗan Bade, bari in gwada, Malamaina su gyara mini. Ka ɗauki ɓargo kamar maƙera. Maƙeri yana bukatar ƙarfe, kamar yadda ɓargo yake bukatar sinadarin ƙarfe don yin jini, amma ko ka jibge masa ƙarfe ba zai hura wuta ba sai an kawo masa aiki. To ƙoda ce mai kawo aikin. A cikinta akwai ƙwayoyi masu auna iskar oksijin da ke cikin jinin da yake ratsa ta. Da ta ragu sai su saki wani sinadari mai suna eritirofoyetin, shi ne EPO ɗin da likita ya faɗa maka. Ya bi jini ya isa ɓargo. Abin da yake yi a can ya ba ni mamaki ranar da na karanta: 'ya'yan jajayen ƙwayoyi da yawa mutuwa suke yi tun ba su nuna ba, EPO ne yake hana su mutuwa har su girma su fito. In ƙoda ta lalace, masu sakin EPO sun lalace tare da ita. Ɓargon Baba lafiyarsa lau, saƙo ne ba ya isa gare shi.

Ɗan Bade: Ikon Allah. Wato duk kwalaben nan ƙarfe muke ta kai wa maƙerin da ba a ba shi aiki ba?

Mai Kemis: Ni fa ban yarda a mayar da maganin ƙarin jini abin banza ba. Shekara 14 ina sayar da shi, na ga mata masu ciki da masu jego da suka zo fari fat, bayan wata ɗaya ido ya yi ja. Yanzu komai sai a ce allura mai tsada. Talaka fa?

Likitan Jini: Malam Mai Kemis, matan da ka gani ƙarfe ne ya ƙare musu, ƙodarsu ƙalau, EPO ɗinsu ma ya yi sama yana ta kira. Da ka ba su ƙarfe sai aiki ya tashi. Ba wanda ya ce maganinka banza ne, ciwon ne ba ɗaya ba. Amma kafin komai, Ɗan Bade, don Allah ku dakatar da zogale da alayyahu da yawan madara har ku zauna da masu kula da abincinsa a wurin wankin. Ganyayen nan suna da fotasiyom da yawa, ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi, kuma in ya taru yana iya tsayar da zuciya. Wannan ya fi ƙarancin jinin gaggawa.

Bayanin ɗalibarmu daidai ne. In ƙara da cewa allurar nan ba sabon abu ba ce da aka ƙirƙiro don a ci kuɗin mutane. Tun 1906 wasu masana biyu a Faransa, Carnot da Deflandre, suka yi hasashen akwai wani abu a jini mai umartar ɓargo. Sai 1977 Eugene Goldwasser na Jami'ar Chicago da Takaji Miyake suka iya tace shi, daga fitsari sama da lita 2,500 da aka tara daga marasa lafiya a Japan. A 1989 aka amince da wanda ake haɗawa a masana'anta a Amurka. Kafin nan masu wankin ƙoda da yawa ƙarin jini suke rayuwa a kai. Yadda ƙwayoyin jiki suke gane oksijin ya ragu kuwa, shi ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Ɗan Bade: Innalillahi. Jiya ma an dafa masa zogale. Yanzu zan kira gida. Na gode Likita.

Mai Kemis: To Likita, in haka ne a bar shi a kan ƙarin jini mana. Leda ɗaya ta ɗaga shi nan take, 'yan'uwa su bayar kyauta.

Likitan Jini: Yana ɗagawa nan take, bayan 'yan makonni ya koma. Kowace leda tana zuwa da ƙarfe wajen miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar zubar da ƙarfe mai yawa, sai ya taru a hanta da zuciya. Na biyu, duk jinin da aka sa wa mutum garkuwar jikinsa tana haddace baƙon. In wata rana aka samu halin dashen ƙoda, wannan haddar tana iya sa jiki ya ƙi sabuwar ƙodar. Muna ƙara jini in rai yana cikin haɗari, ba ma so ya zama abin kullum.

Nas Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Likita, ni tambayata a kan yara ce. Daga watan Agusta zuwa Oktoba ɗakin yaranmu cika yake da masu masassarar cizon sauro, tafin hannu fari. Mun san cutar tana fasa jajayen ƙwayoyi. Amma akwai yaran da an kashe cutar, an ba su sirop na ƙarfe, mako biyu jini bai motsa ba. Su ai ƙodarsu lafiya lau. Me ya hana ɓargon?

Likitan Jini: 'Yar'uwa, kin taɓo wurin da ya fi burge ni a duk ilimin nan. Ɓargo ba ƙoda kaɗai yake saurare ba, yana sauraren garkuwar jiki, kuma in ana yaƙi muryarta ta fi ƙarfi.

Idan cuta ta shiga, fararen ƙwayoyi suna sakin saƙonni da muke kira saitokin. Ɗaya daga ciki, intalukin-6, yana zuwa hanta ya sa ta fitar da wani homon, wato sinadarin saƙo na jiki, mai suna hefsidin, wanda aka gano wajen 2000 zuwa 2001. Hefsidin makulli ne. Ƙarfe ƙofa ɗaya yake bi ya shiga jini, ko daga hanji ko daga ma'ajiya, hefsidin kuma ita yake rufewa. Ku lura da lissafin: ɓargo yana cin ƙarfe miligiram 20 zuwa 25 kullum, amma abin da hanji yake tsotsa daga abinci 1 zuwa 2 ne kacal. Sauran duk tsohon ƙarfe ne da ake kwancewa daga matattun jajayen ƙwayoyi a saifa da hanta a mayar maƙera. In aka kulle wannan, ga ƙarfe jibge a jiki, ga ɓargo yana yunwa. Sirop ɗin da kika ba yaron kuma wucewa yake ta hanji.

Me ya sa jiki zai yi wa kansa haka? Saboda ƙwayoyin cuta ma ƙarfe suke nema su hayayyafa. Jiki ɓoye musu abinci yake. Ga ciwon kwana biyar dabara ce mai kyau. Ga tarin fuka, ko ƙanjamau, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko masassarar da take dawowa duk wata, sai kullen ya daɗe ya zama ƙarancin jini.

Ba a nan ya tsaya ba. Wasu saƙonnin kamar TNF da intaferon-gama suna danne 'ya'yan jajayen ƙwayoyi kai tsaye, su sa ba sa jin kiran EPO sosai. A masassarar cizon sauro ma akwai wani baƙin gari da ƙwayar cutar take bari bayan ta ci jini, ana samun sa a cikin ɓargo, yana dagula aikin. Sannan iyayen ƙwayoyin kansu suna karkata zuwa yin farare, don sojoji ake bukata a lokacin.

Nas Maraɗi: To mu daina ba su ƙarfen ke nan?

Ɗalibar Aji Biyar: Ni a ganina e. An yi wani babban bincike a tsibirin Pemba na Zanzibar, an buga shi a 2006, yara wajen 24,000. Waɗanda aka ba ƙarfe da folik asid sun fi kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100, har aka dakatar da ba su. Ai wannan ya isa hujja.

Likitan Jini: A'a ƙanwata, kin yi sauri. Binciken gaskiya ne, amma duba yadda aka yi shi: kowane yaro aka ba, mai bukata da marar bukata, a wurin da cutar take ko'ina kuma kariya ba ta da ƙarfi a lokacin. Ƙarancin ƙarfe kansa yana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma ya yi yawa a ƙasashenmu. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba da ƙarfe a irin wurarenmu tare da rigakafi da maganin masassarar, wato gidan sauro da maganin da ake rabawa yara wata-wata da damina. A aikace, a fara kashe cutar, zazzaɓi ya sauka, hefsidin ya sauka, sannan ƙarfen ya samu hanya. A ci gaba da shi kamar wata uku, kada a yanke hukunci a mako biyu. Wanda bai motsa ba bayan haka a nemi wani dalili: tsutsar ciki, sikila, tamowa, tarin fuka.

Ɗalibar Aji Biyar: Na karɓi gyara, Malam. Na gode.

Umman Yara: Tunda an ambaci sikila bari in sa baki. Ɗana mai shekara tara yana da ita. Kullum PCV ɗinsa 24 ne ko 25, da shi yake zuwa makaranta yana wasansa. Bara ya yi ɗan zazzaɓi da mura, ba ciwon ƙashi, ba idon da ya ƙara yin ɗorawa. Cikin kwana huɗu yaro ya kasa tashi, aka auna aka ce 11. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. An ƙara masa jini ya warware, amma har yau ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da ya faru.

Malamin Lab: Allah ya ƙara masa lafiya, Umma. Ba zan yanke hukunci ban ga takardunsa ba, amma labarin ya yi kama da abin da muke gani in wata ƙwayar cuta mai suna fabobairos B19 ta kama mai sikila. Ita 'ya'yan jajayen ƙwayoyi take shiga a cikin ɓargo, ta tsayar da aiki kamar kwana 7 zuwa 10. Ni da ke ba za mu ji ba, don ƙwayoyinmu suna kwana 120. Na mai sikila kwana 10 zuwa 20 suke yi. Ɓargonsa dama gudu yake ninkin-ba-ninkin don ya cike gurbi, shi ya sa ma wasu yaran za ki ga goshinsu ya fito, ɓargon ne ya faɗaɗa cikin ƙashi. In aka tsayar da shi mako guda sai jini ya zube. A lab muna ganewa da ƙirga sababbin ƙwayoyi, retikulosait. Mai sikila kullum nasa da yawa, ranar sai ka neme su ka rasa. Abin kwantar da hankali, wanda ya yi ta sau ɗaya yawanci ba ta sake kama shi. Amma in akwai wani mai sikila a gidan a sa masa ido a makonnin.

Umman Yara: Allah ya saka da alheri. Yau na samu amsar da na shekara ina nema.

Mai Kemis: Ina da wata. Mata masu shan ƙwayar ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe, wata ta kawo mini sakamakon gwaji fararen ƙwayoyinta sun hau. Ta ce ai garkuwarta ce ta ƙaru.

Likitan Jini: Akasin haka ne, kuma don Allah Malam ka taya mu hana su. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan dekzametazon ne, ɗan'uwan homon kotizol. Yana sa ɓargo ya saki niyutirofil, wani nau'in fararen ƙwayoyi, da wuri, ya kuma sa waɗanda ke manne a bangon jijiya su saki su bi jini, sai lamba ta hau a takarda. Amma ba sa iya fita zuwa inda cuta take yadda ya kamata, limfosait kuma, wani nau'in fararen, raguwa suke. Lamba ta yi sama, kariya ta yi ƙasa. Ga hawan jini da ciwon suga a biyo baya.

Tunda ana maganar homon: himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jar ƙwaya, na namiji ya fi na mace, iyakar ƙasa 13 ga maza, 12 ga mata, 11 ga mai ciki. Ba al'ada kaɗai ce ta jawo ba, testostiron, homon maza, yana ƙara EPO yana kuma rage hefsidin. Wanda maƙoshinsa ba ya fitar da homon tayirod isasshe shi ma jininsa yakan yi ƙasa.

Malamin Lab: Likita, ka bar ni in faɗi wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa mutum lafiyayye zai zo gwaji, niyutirofil ɗinsa ya fito ƙasa da 1,500, injin ya sa masa alamar ja, a tsorata shi. Ma'aunin da ke cikin injinan nan daga jinin Turawa aka ɗauko shi. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba mu da wani furotin mai suna Duffy a kan jajayen ƙwayoyinmu. Rashinsa yana kare mu daga wani nau'in masassarar cizon sauro, bibaks, kuma yana tafiya da ƙarancin niyutirofil a cikin jini ba tare da wata illa ba. Na ga an hana mutum magani saboda lambar da ita ce daidai a jikinsa. Ya kamata dakunan gwajinmu su yi aiki da ma'aunin mutanenmu.

Likitan Jini: Ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ya fi ciwo a masu shan maganin daji, a ɗage musu magani a kan lambar da ba ta nuna haɗari. Wanda nasa ya faɗi da gaske kuwa akwai allurarsa, G-CSF, saƙon da jiki yake aika wa ɓargo in ƙwayar bakteriya ta shigo. Donald Metcalf da abokan aikinsa a Melbourne ta Ostareliya suka share shekaru suna bin sawun irin waɗannan saƙonni, aka fara amfani da allurar a 1991.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai na ƙaru. Ɗan Bade, ka yafe ni da maganar romo.

Ɗan Bade: Haba Hajiya, ai alheri kika nufa. Likita, tambaya ta ƙarshe. In mun fara allurar, shi ke nan jini zai dawo kamar da?

Likitan Jini: Ba ma neman ya dawo kamar da. Manyan bincike sun nuna in aka tura shi har matakin mai lafiya da allurar nan, shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya suna ƙaruwa. Himogulobin 10 zuwa 11.5 ake nema, wato PCV talatin da 'yan kai. A riƙa auna hawan jininsa, allurar tana iya ɗaga shi. Kada ku sa ran canji kafin mako biyu zuwa shida. Ku tambayi likitansa abu biyu. Na ɗaya, a auna ƙarfen jikinsa, don ƙoda ce take zubar da hefsidin daga jiki, mai ciwon ƙoda nasa a sama yake, shi ya sa ta jijiya ake ba su ƙarfe. Na biyu, ta ina ake wankin? In robar wuya ce a duba ta da kyau. Roba mai ɗauke da ƙwayar cuta tana sa jiki cikin yaƙi kullum, ku yi ta sayen EPO ɓargo bai ji ba.

Ɗan Bade: Jama'a na dawo bayan mako shida. Likita, maganarka ta tabbata. Robar wuyan tana da matsala, dama yakan yi rawar sanyi bayan wanki muna cewa gajiya ce. An canza ta, an ba shi magani, an sa masa ƙarfe ta jijiya, ana allurar sau biyu a mako. Jiya PCV 28, ba a ƙara masa jini ba tun lokacin. Da kansa ya taka zuwa masallacin ƙofar gida. Matsalarmu yanzu wuta, sai mu kwana uku ba a kawo ba. Ƙanwata ta ce mu riƙa sa allurar a gindin randa. Ya halatta?

Malamin Lab: Alhamdu lillahi. A'a, sanyin randa bai kai ba. Tsakanin digiri 2 da 8 take so, kuma kada ta daskare, kada a girgiza ta. Ku roƙi ma'aikatan wurin wankin su ajiye muku a firjinsu da sunan Baba a jiki, tunda a can ake yi masa. Ranar da za ku sayo ku tafi da kula da ƙanƙara, ku naɗe kwalin da tsumma kada ya taɓa ƙanƙarar.

Ɗan Bade: To madalla. Gobe Alhamis muna da wanki, zan yi wa sistar magana.